Littafin Kwazazzabon Bayan Makaranta

18 ga Janairu, 2025

Yau muka kafa turakun farko. Cikin yara ashirin da suka rubuta suna, sha ɗaya ne suka iya rabuwa da bargo. Sanyin Jos na tsakiyar Janairu ba ya raga wa kowa. Mun fito ƙarfe takwas, hazo ya lulluɓe tsaunukan Shere, kowa hannu a aljihu, leɓe a tsage.

Bari in rubuta mafarin abin tun ban manta ba. A zangon da ya wuce na ba 'yan aji biyu na babbar sakandare aikin gida, na ce kowa ya faɗa mini abin da ya haifar da kwazazzabon da ke bayan katangar makarantarmu. Da na zauna dubawa, kusan duk takardar da na ɗaga amsa ɗaya ce: sauyin yanayi. Layi guda, an ɗiga aya, an miƙo. Mai yiwuwa ba su yi ƙarya ba, amma kalmar ta zame musu irin maganin nan da ake talla da lasifika a tasha, mai warkar da basir da shawara da ciwon baya a kwalba ɗaya. Na ce musu, to, ta yaya kuka sani? Aji ya yi tsit.

Labarin ƙasa nake koyarwa, kuma reshen da na fi ƙauna shi ne jiyomofoloji, wato ilimin sifar doron ƙasa: me ya sa nan tudu can kwari, wa ya sassaƙa dutsen nan, daga ina yashin nan ya zo. Inda ya shafi maganar yanayi shi ne, ma'aunin ruwan sama baƙo ne a ƙasar nan, tare da Turawa ya shigo, bai fi shekara ɗari da 'yan kai ba. Ƙasa kuwa ta riga kowa fara ajiye lissafi. Ruwa mai ƙarfi ba ya wucewa bai bar sawu ba, fari ma haka. Abin da ya rage mana shi ne koyon karatun.

Mun kafa rodi goma sha biyu kewaye da kan kwazazzabon, muka auna tazarar kowanne zuwa bakin ramin da tef. Duk lokacin da aka yi babban ruwa za mu koma mu sake aunawa. Wata ɗaliba mai kyan rubutu ce za ta riƙe littafin lissafi, har yaran sun raɗa mata Magatakarda.

1 ga Fabrairu

Rodi tara sun yi ƙafa. Laifina ne, wanda ya kafa ƙarfe a fili a zamanin nan na 'yan jari-bola ya yi sadaka ne bai sani ba. Yanzu jan fenti muka shafa a kan duwatsun da ba sa motsi, inda babu dutse kuma muka cika gwangwanin madara da siminti muka binne daidai da ƙasa.

Wata sabuwa kuma, ashe raɗe-raɗi ya zaga unguwa cewa awon rusau muke yi. Dole na je gaishe da mai unguwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba gidan kowa muke aunawa ba, ramin muke aunawa." Ya ce, "Malam, ai ramin ma gidan wani ya nufa." Ban sami ta cewa ba, don gaskiyarsa ce. Gidan ƙarshe a layin bai fi taku talatin daga baki ba.

22 ga Fabrairu

Ranar da na sha kunya a gaban ɗalibaina, kuma ranar da aikin ya fara ma'ana.

Mun sauka cikin ramin don karanta bangonsa. Zurfinsa ya kai tsayin mutum biyu a wajen kan. Mai gadin makaranta ya zo mana da kawunsa, dattijo ne da ya yi ƙuruciyarsa a haƙar kuza wajen Bukuru. Mahaifinsa daga ƙasar Katsina aka kawo shi lokacin aikin tilas na Yaƙin Duniya na Biyu, bai kuma koma ba. Baba muke ce masa.

Bangon hawa huɗu ne. A sama baƙar ƙasa ce, ga leda da murfin kwalba a cikinta, wannan ba ta buƙatar masani, zamaninmu ne. Ƙarƙashinta farin yashi da tsakuwa, kauri kamar kamu biyu. Sai jan yumɓu. Can ƙasa kuma ruɓaɓɓen dutse, wanda ido zai ce maka giranit ne, amma kana matsawa ya marmashe a hannu kamar dafaffen rogo.

Na tsaya gaban farin yashin na gyara murya. Na ce wa yara, kun ga wannan, ambaliya ce ta wani tsohon zamani mai yawan ruwa. Baba ya ɗebi yashin, ya murza a tafi, ya yi murmushi. "Malam, a yi haƙuri, wannan ba ruwa ya kawo shi ba. Wankakkiyar ƙasa ce. Irinmu ne suka zubar da ita." Ya sa aka kawo tasa da ruwa a jarka, ya zuba yashin, ya dinga kaɗawa yana tsiyayewa da wani irin juyi na wuyan hannu wanda shekaru ba su ƙwace masa ba. Da ya gama sai ga 'yan baƙaƙen ƙwayoyi kwance a gindin tasa. Ya ce ragowar da ta kuɓuce wa masu wanki ke nan.

Da na sake duban bangon da idon da ya ara mini, sai na ga abin da ya kamata in gani tun farko. Ruwa in ya ajiye kaya yana jera su, manyan tsakuwa su fara zama, sannan yashi, laka a ƙarshe. Wannan kuwa a cakuɗe yake, babba da ƙarami wuri ɗaya, kamar an juye kwando.

Dalilin da ya sa ake bin rafuka neman kuza shi ne nauyinta. Ta ninka yashi nauyi fiye da sau biyu, saboda haka idan ruwa ya wanko ta daga jikin duwatsu sai ta nutse a gindin kwari, yashi ya wuce. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Ingila suka shiga bin waɗannan kwaruruka suna kifar da su. Saboda kuza aka ja ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso nan a 1914. Ba a lafa ba sai da kasuwarta ta duniya ta faɗi a 1985. Kududdufan da 'yan lambu ke ban ruwa da su yau a Bukuru da Barikin Ladi da Rayfield duk gadon wannan aiki ne. Kai, har gumakan yumɓun Nok ma a ramin kuza aka fara cin karo da su a 1928, kuma irin waɗannan tsince-tsincen ne suka sa wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952.

Abin da na rubuta a allo da muka koma aji: a Filato hannu biyu ne suka yi rubutu a shafi ɗaya, na sama da na mutum. Kafin ka ce yanayi ne, sai ka fara tabbatar da ba shebur ba ne.

15 ga Maris

Azumi, babu fita. Mun zauna a aji, na shafa yatsa a kan tebur na nuna musu ƙurar da hunturu ya bari. Na ce wannan ƙura gawar tafki ce. Suka yi dariya, suna zaton yunwa ce ta fara magana.

Mafi yawan ƙurar hunturun da ke zuwa mana daga arewa maso gabas tana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Farar ƙasar wurin ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani, waɗanda suka mutu suka taru a gindin tafki. Wajen shekara 7,000 da suka wuce Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 350,000, ya fi kashi ɗaya cikin uku na faɗin Najeriya. Ba wanda ya rubuta wannan a takarda. Gaɓar tafkin ce ta ba da labari: wani dogon tudun yashi da ya ratsa Maiduguri ya bi ta Bama, wanda igiyar ruwa ta tara kamar yadda take tara yashi a bakin teku. Tudun yana wajen mita 320 sama da teku, tafkin yau kuwa yana wajen 280. A Dufuna ta Jihar Yobe, a 1987, wani Bafulatani mai haƙar rijiya ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita takwas, da aka gwada shekarunsa aka tarar sun kai wajen 8,000. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Kafin wannan zamani na yalwa kuma an yi na ƙishirwa. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Haɗeja ya san yadda mota take hawa tana gangarawa a kan dogayen jigayi. Tuddan yashin hamada ne da iska ta jera, dukkansu sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, hanyar da iskar hunturu ke bi har gobe. Yanzu gero da gyaɗa ake nomawa a kansu. Wani Bature masanin ƙasa, A. T. Grove, ya yi bayaninsu tun 1958. Ma'ana akwai lokacin da hamada ta sauko kudu da ɗaruruwan kilomita, ta zauna, sannan ta koma. Sunan Jihar Jigawa kansa shaidar sauyin yanayi ne, mu ne dai ba mu lura ba.

Ana gane shekarun irin wannan yashi ta wata dabara mai ban sha'awa. Ƙwayar yashi idan aka binne ta tana tara wani caji a hankali daga ƙasar da ke kewaye da ita, hasken rana kuwa yana goge shi. Sai a buga bututu a bangon rami, a toshe bakinsa kada haske ya shiga, a kai ɗakin gwaji mai duhu, a auna yaushe rabon ƙwayar da ganin rana.

Nan wani yaro na bayan aji, wanda ba ya cika magana, ya ɗaga hannu. "Malam, in dai tafki ya cika ya ƙafe tun babu mota babu masana'anta, me ya sa yanzu ake cewa laifin mutane ne?"

Tambayar da nake jira tun Janairu ke nan. Na ce masa wancan juyin an san direbansa. Duniya tana layi a kan ƙafarta kamar katantanwar da kuke murzawa, zagaye ɗaya wajen shekara 21,000. Idan layin ya sa zafin bazarar arewa ya ƙaru, Sahara ta ɗau zafi sosai, sai ta janyo iskar damina daga Tekun Atilantika ta kai ta can ciki. In ya juya, damina ta ja da baya. Abu ne na dubban shekaru. Na yanzu kuwa, iskar kabon da ke sama ta tashi daga wajen kashi 280 cikin miliyan zuwa sama da 420 a tsakanin kakan kakanka da kai, kuma katantanwar ba ta yi wani motsin kirki ba a ɗan wannan lokaci. Sannan tudun Bama ba hujjar kwantar da hankali ba ne. Abin da yake nunawa shi ne ƙasarmu ba ta da taurin kai: ɗan turi kaɗan daga sama, tafki ya zama hamada. Wanda ya san haka ba zai so a ƙara tura ta ba.

19 ga Afrilu

Ruwan farko ya sauka cikin makon nan, ƙamshin ƙasa ya cika gari. Mun haɗa ma'aunin ruwa da robar lemo mai miƙaƙƙen jiki: an yanke kan, an kifa shi ya zama mazurari, an zuba siminti a gindi don ya daidaita, an manna rula. Guda uku, ɗaya a makaranta, biyu a gidajen ɗalibai. Karatu ƙarfe bakwai na safe kullum.

Kwazazzabon bai motsa ba. Busasshiyar ƙasa ta shanye ruwan tas.

Magatakarda ta kawo shawarar da ta fi duk nawa. Ta ce tunda rigimar a kan hannu biyu ce, a nemo wani rami wanda babu gidaje a samansa, a auna su tare. Mun samu ɗaya a bayan tsauni, tafiyar rabin sa'a, babu komai sama da shi sai ciyawa da hanyar shanu. Shi ne zakaran gwajin dafinmu. Muna ce masa na daji, wannan kuma na gida.

31 ga Mayu

Babu awo yau. Yara sun zo da hotunan Mokwa a wayoyin iyayensu, inda ambaliyar shekaranjiya ta ci mutum sama da 150. Muka yi musu addu'a. Ban yi darasi a kai ba, ba ranar darasi ba ce.

21 ga Yuni

Na gida ya fara ci. Alamarmu ta biyu daga gabas ta rufta ciki.

Laraba na yi abin da nake hana yara: na tsaya kusa da bakin da lema ana tsakar ruwa, don in ga yadda abin ke faruwa da idona. Gani ya kori ji. Ruwa yana zubowa daga baki kamar ƙaramar magangarar ruwan Assop, yana dukan gindi yana haƙa kwarmi. Feshin yana cin ruɓaɓɓen dutsen nan na ƙasa, ya bar saman yana reto babu abin da ya tokare shi. Sai tsaga ta bayyana a sama, taku ɗaya daga baki, sannan gaba ɗaya ya rufta. Kwazazzabo da baya yake tafiya, yana hawa tudu yana bin ruwan da ke ciyar da shi.

To ina ruwan yake fitowa? Na bi shi a ƙafa. Wata kwata ce ta siminti da ta kwaso ruwan layi biyu, ta zo ƙarshen gidaje aka daina gina ta, aka sake ta a kan farar ƙasar nan ta Baba wadda ba ta da danƙo ko kaɗan.

Mun yi lissafi a aji. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 30, zai zubar da lita 3,000, duro goma sha biyar ke nan, kuma ba ɗigo ɗaya da kwano zai sha. A ƙara da tsakar gidan da aka shafe da siminti. A ninka da yawan gidajen layin. Da can wurin gonar acca ce, in ji Baba, da shingen ƙerana. Jos tana samun wajen milimita 1,400 a shekara tun da ma; bambancin shi ne da ƙasa ke sha, yanzu kwata ke kwasa.

Wani ɗalibi da gidansu ke layin ya ɓata rai, ya ce ai Turawa ne suka lalata yanayi. Na ce haka ne, hayaƙin da nahiyarmu ta fitar ɗan kaɗan ne in aka gwada da na Amurka da Turai da Sin, wannan ba gardama. Amma kwatar ba daga Ingila aka aiko ta ba. Laifi tudu ne.

26 ga Yuli

Mun bi rafin da kwazazzabon ke zuba a ciki har inda ya haɗu da kogin Dilimi. Na tuna wa yaran cewa ruwan da ke wuce ƙafarsu arewa ya nufa, ya bi ta Jama'are ya shiga Komadugu Yobe, wanda ya tsira daga rana da 'yan ban ruwa ya faɗa Tafkin Chadi. Daga wannan tudu namu kuma Kaduna da Gongola suka taso. Ƙasar da ta rufta a bayan makarantarmu wata rana laka ce a fadamar wani.

Wata tsohuwa ta gan mu da tef, ta yafito mu. Na ce, "Inna, sannu da hutawa." Ta ce in dai ruwa muke nema, mu zo ta nuna mana. Ta kai mu bayan ɗakinta, inda sabon bulo ya haɗu da tsohon gini, ta ɗora hannu daidai kafaɗarta. Nan ruwan 2012 ya tsaya. Daren 22 ga Yuli ne, azumi bai fi kwana uku da kamawa ba, ruwan da ya ci mutum sama da talatin a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo. Yawancin ɗalibaina ana goyon su a lokacin. Ta nuna mana wani dutse a tsakiyar rafi, girman buhun masara uku, ta ce kafin daren nan can sama yake kusa da mangwaro.

Wannan ma awo ne, kuma masana suna amfani da irinsa: tabon ruwa a bango, lakar da ta maƙale a kogon dutse, girman dutsen da ruwa ya iya turawa. Idan gudun ruwa ya ninka, nauyin abin da zai iya mirginawa ba ninki biyu yake ƙaruwa ba, ya wuce haka nesa. Shi ya sa ruwan dare ɗaya kan yi aikin da damina goma ba ta yi ba.

A nan ne fa hannun sama yake shigowa da gaske. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya riƙe ƙarin tururin ruwa kamar kashi 7 cikin ɗari, duniya kuwa ta riga ta ƙara sama da digiri ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2017, daga hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka uku tun daga 1982. Sahel ne ba Jos ba, na ja kunnen yara kada su ɗauki hular wani su sa wa wani. Amma ya nuna abin da ya kamata mu sa wa ido: ba yawan ruwan shekara ba, yadda yake zubowa.

Gidan Inna a kan shimfiɗaɗɗen wuri yake, mai laushin ƙasa, ɗan sama da rafi. Kogi ne ya shimfiɗa shi da kansa, ambaliya bayan ambaliya. Fadama ɗakin kogi ne, ko ya shekara ashirin bai kwana ciki ba. Ban faɗa mata ba. Ta fi ni sani, kuma ba ta da inda za ta koma.

16 ga Agusta

Malka. Kwana huɗu rana ba ta leƙo ba.

Na soke lissafin kwana tara daga ma'auni na uku. Yaron da ke kula da shi ya tafi hutu Bauchi bai gaya wa kowa ba, da ya dawo ya zauna ya cike gurbin daga kansa. Magatakarda ce ta kama shi: duk lambobinsa goma, ashirin, sha biyar, kuma ya rubuta ruwa a ranar da aka yi ɗaurin auren yayarta rana tsaka ƙwal. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ban kore shi ba. Na sa shi ya rubuta "babu awo" da hannunsa sau tara a gurbin. Gurbi ba abin kunya ba ne a littafin lissafi.

Wani aibin kuma na kayan aikinmu ne. Robar lemo tana gaya mana ruwan da ya taru daga safiya zuwa safiya, ba ta san ko cikin minti arba'in ya zubo ko yini ya yi yana yayyafi ba, alhali shi ne abin da ramin ya damu da shi. Daga yau duk wanda ke gida zai rubuta lokacin da ruwa ya fara da lokacin da ya ɗauke.

20 ga Satumba

An koma makaranta. Mun yi karo-karo muka ɗauki bas zuwa Riyom, don yara su ga agogon da ya fi na ramin jinkiri.

Kowa ya san duwatsun nan da suka hau kan juna kamar an ɗora su da hannu. Yara suka ce aljanu. Na tuna musu ruɓaɓɓen dutsen gindin kwazazzabonmu. Giranit yana da tsagogi. A zamani mai zafi da damshi ruwa yana bin tsagogin can ƙarƙashin ƙasa yana ruɓar da gefe da kusurwa, ya bar ƙwallon tsakiya da ƙarfinsa. Daga baya zaizaya ta kwashe ruɓaɓɓen, ƙwallayen suka zauna a kan juna. Wato dutsen Riyom labarin zamani biyu ne, na ruɓarwa da na kwashewa. Duwatsun da suka ba mu kuza sun haura shekara miliyan 150, saboda haka lokaci bai yi musu ƙaranci ba.

A hanya na nuna musu tuddan nan masu shafaffen kai kamar tebur, da hular marmara a sama. Marmara tana samuwa ne inda ruwa mai yawa ya daɗe yana wanke ƙasa yana barin ƙarfe, in ta sha rana ta ƙanƙare. Saman teburan shi ne tsohon doron ƙasa. Duk sararin da ke tsakaninsu ruwa ne ya kwashe.

Yaron nan na bayan aji ya ce, to ai in haka ne raminmu ba komai ba ne. Na ce gwada ka gani: abin da ya ɗauki waɗannan tuddai ba ya ƙirguwa da shekarun mutum, namu kuwa ya ci alama uku daga Sallah ƙarama zuwa yau.

Direba ya ƙi ƙarasawa da mu Assop, wai mai ya yi tsada.

25 ga Oktoba

Ruwa ya ɗauke, iska ta fara juyawa. Mun yi awon ƙarshe na damina.

Na gida ya ci alama huɗu, duk ta ɓangaren kwata. Na daji bai ci ko ɗaya ba, amma ya matsa kaɗan, kuma Magatakarda ta lura da wani abu da ta jera ranakun: duk matsawarsa a ruwa biyu ya yi ta, manyan nan na ƙarshen Yuli da na Agusta. Sauran damina ko gezau. Na gida kuwa kowane ruwa sai ya ɗan gutsura. In akwai inda za mu ga hannun sama shi kaɗai, a na daji ne, kuma ba a damina ɗaya ba. Sai an jera shekaru ana ƙirga irin waɗancan ruwa biyun, a ga ko suna zama uku, suna zama huɗu.

Na mayar wa 'yan ajin takardunsu na bara, na ce kowa ya sake amsa tambayar. Mafi gajarta yanzu shafi ɗaya da rabi ce.

Mai unguwa ya aiko. Masu gidajen layin sun yarda za su haɗa kuɗi a ƙarasa kwatar har gindin rafi, a jera duwatsu inda ruwan zai faɗa, a dasa jema a baki. Wasu yaran suka ce in aka gyara an ɓata mana gwaji. Mun yi rabin sa'a muna muhawara, har mai gidan ƙarshe ya wuce ta wajen da 'yarsa a kafaɗa, maganar ta mutu da kanta. Za a gyara. Za mu rubuta ranar da aka fara aikin, mu ci gaba da awo, mu ga abin da jema za ta iya.

Abin da ke gabanmu kafin hunturu ya yi ƙarfi: sabunta jan fenti, neman tsofaffin hotunan Google Earth na unguwar don a ƙirga rufin kwano shekara da shekara, da rubuta wa sashen labarin ƙasa na jami'a wasiƙa ko za su ara mana ma'aunin da ke rubuta lokaci da kansa. 'Yan aji ukun za su tafi a Yuni, don haka Magatakarda ta fara koya wa wata 'yar aji ɗaya riƙon littafi.

Baba ya ce Asabar mai zuwa zai kai mu wani tsohon rami wajen Bukuru inda bango ya nuna ƙasar da shebur bai taɓa shiga ba, da itace kwance a ƙarƙashin tsakuwa. Ya ce mu zo da tasa biyu, kuɗin mota, da goro fari.